Yadda Aka Yi Na Zama Mushe Mafiy

A tashar jirgin ƙasa ta Paris aka fara rage mini kayan da na taho da su daga Madarunfa. Ina tsaye da balis, wato akwatin tafiyata, a hannu, sanyi yana cin kunnuwana, ina karanta allon jirage ina sake karantawa, sai ga wani baƙin mutum cikin kwat mai kyau ya tsaya gabana ya yi mini sallama. Wallahi da na ji “salamu alaikum” a wannan wuri sai da idona ya kawo ruwa. Ya tambayi inda za ni, na nuna masa takarda. Ya ce ai nan ba a shiga layin tike da kaya, in je in yanko, shi zai tsare mini. Na tafi ina sa masa albarka. Da na dawo ba shi ba balis, ko sama ko ƙasa.

Babbar rigata tana ciki, da bargon saƙi da Inna ta ba ni, da kilishi, da yaji, har da butar alwala. Abin da ya rage mini shi ne tasbaha da wata kwat marar kauri da telan Maraɗi ya ɗinka mini, shi kuwa bai taɓa ganin sanyin da ya wuce na bakin tafki ba. Na sami benci na zauna. Ni da nake mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko, wanda gwamnati ta zaɓo don ya zo sitaj, kwas ɗin malamai masu koyar da rubutu, ga shi an yi mini wayon da ko ɗan ƙauye ba a yi wa a kasuwar Jibiya.

Wannan abu ya faru ƴan shekaru kafin babban farin nan da ya ƙarar da dabbobi. A kan bencin na tuna maganar Baba. Mahaifina manomi ne, bai san baƙi ba, na boko ko na allo, sai abin da zai yi salla. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ina ƙarami “kai yaro” ne, da Nasara suka kama ni suka sa lakwal na koma “Na-lakwal”. Da zan taho abu ɗaya ya ce mini, yana kallon wani wuri: “Abin da za su ba ka can ban san shi ba. Amma ka tahi da kumyakka, ka komo da ita.” Na ce a raina, to, ita dai ba a cikin balis take ba, ɓarawo bai samu ba. Da wannan na lallashi kaina na shiga jirgi.

Jirgin ya yi ta gudu cikin gonakin da ba kowa a cikinsu. Na gaida mutanen da na tarar a ɗakin jirgin, ba wanda ya amsa, har na fara zaton ko akwai wani abu a fuskata. Da rana ta yi tsaka yunwa ta taso mini, cikina ya yi wani ƙugi da kowa ya ji. Wata tsohuwa da ke gabana ta kwance ƙunshinta ta miƙo mini burodi da wani abu fari a ciki. Na tsaya ina juya shi, tsoron alade ya hana ni kaiwa baki. Sai ta ɗora yatsu biyu a kanta ta ce “muu”. Duk ɗakin aka yi dariya, ni ma na yi, na cinye cukun tas ina sunkuyar da kai.

Garin da aka kai mu ƙarami ne, a gindin duwatsu, ba zan faɗi sunansa ba don mutanensa ba su yi mini laifin komai ba. Matar da ke dafa mana abinci ta ga yadda haƙorana ke kaɗawa, washegari ta zo mini da wata doguwar kwat baƙa mai nauyi. Ta mijinta ce, marigayi, wanda ya yi shekaru yana gasa wa garin burodi. Hannuwan sun fi nawa tsawo, sai na naɗe. Abin da ban sani ba, kowa a garin ya san kwat ɗin. In na fita, tsofaffi su tsaya su bi ni da kallo, wata har ta taɓa ƙirjinta ta yi alamar addininsu. Haka na yi watanni ina yawo cikin rigar mamaci, ina godiya ina jin kunya.

Ɗaki ɗaya aka haɗa ni da Bello, Bafillacen arewacin Kamaru, dogo, mai son tsokana. Shi kaɗai ne mai jin Hausa a cikinmu. Sauran daga Senegal ne da Madagaska da wasu ƙasashe, sai kuma matasan malamai Faransawa da aka cakuɗa mu da su. In an tashi aiki ni da Bello mu kulle ƙofa mu yi ta zancen fura. Shi ya ce ta Fulani ce don nono nasu ne, ni in ce ya sha nonon tsura mu gani. Babu furar, babu nonon, amma kullum sai mun yi wannan faɗa.

Mai horar da mu wata ƴar ƙaramar mata ce mai furfura, Madam Odet, taba ba ta rabuwa da yatsunta. Ranar farko ta tambayi kowa irin kan maganar da yake ba yara su yi redakso a kai, wato rubutun da yaro zai tsara da kansa. Na miƙe da ƙwarin gwiwa na lissafa nawa, duk daga littafin da aka ba mu: ranar da ƙanƙara ta sauka, hutu a bakin teku, iyali a gaban murhun ɗaki. Ta ce, “A garinku ƙanƙara tana sauka?” Na ce a'a. “Teku fa?” Na ce muna da tafki. Ta ce, “To me yaran suke rubutawa?” Na ce abin da na rubuta musu a tablo, wato allon aji. Ta dai zuƙi tabarta, ni kuwa na koma na zauna.

Ka'idarta ɗaya ce: yaro ya rubuta abin da ya sani, kuma malamin da bai taɓa rubuta nasa ba kada ya tambayi yaro. Saboda haka kowane mako kowa zai rubuta wani abu daga rayuwarsa a karanta a gaban aji. Wanda aji ya zaɓa, sai a kai shi wani ɗan ɗaki inda akwai ƙaramin injin ɗab'i, mai rubutun ya jera haruffan dalma da hannunsa, a buga a jaridar sitaj. Wanda har aka gama bai kawo abin da ta yarda da shi ba, ba za ta sa hannu a dipilom ɗinsa ba. Ni kuwa ansifekta mai duba makarantunmu da kansa ya tsaya mini aka zaɓe ni. In na koma hannu rabbana, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na zauna na rubuta tafkin Madarunfa da Faransancin da ko ɗan Paris sai ya duba ƙamus. Na sa rana tana faɗuwa cikin jini, na sa tsuntsaye suna waƙa, duk abin da na haddace tun ina ɗalibi na zuba. Da na gama karantawa Madam ta ce, “Babu kuskure ko ɗaya. Babu kowa kuma a ciki.” Na biyu ma haka, na uku ma haka. Bello ya riga ya wuce da labarin wata saniyar kawunsa da kura ta cinye, wadda daga baya ya ce mini ba a taɓa haihuwarta ba.

Sai ranar da ta ce kowa ya rubuta a kan mutum ɗaya na gidansu wanda yake kewa. Na rasa yadda zan yi, don wadda ta faɗo mini a rai ita ce wadda bai kamata ta faɗo ba. Ina da ɗiya ta fari, lokacin tana wajen shekara goma. Tun da aka yaye ta tana ɗakin Inna. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba, haka uwarta. Allah kuma ya sa ajin da nake koyarwa nan ta faɗo. In ina kiran suna da safe, in na zo kanta sai in ce “ta gaba”, ita kuma ta amsa. Kayenta, littafin da take rubutu a ciki, shi nake dubawa ƙarshe, in na ga ta yi daidai in wuce ba yabo. Kowa a Madarunfa ya san haka, kuma ana ganin girmana a kai.

Na dai rubuta wani abu a kan “wata ɗaliba” mai ƙoƙari. Madam ta saurara, ta karkata kai ta ce, “Wannan karon akwai mutum, amma ka rufe ta da zane. Wace ce?” Na ce ɗiyata ce. Ta ce, “Yaya sunanta?”

Na kawar da kai. Ta sake tambaya, ta zaci ban ji ba. Na dubi Bello, ya sunkuyar da kai yana wasa da alƙalami. Daga baya can wani saurayi Bafaranshe ya ce, “Ku ƙyale shi ya tuna. Mata huɗu, yara talatin, ai sai a hankali.” Aji ya kwashe da dariya. Matata ɗaya ce tal, yarana uku. Na buɗe baki in gaya musu cewa a wurinmu rashin faɗar sunan nan shi ne ladabi, iyayenka kake girmamawa da shi, amma Faransancin nan nawa marar kuskure ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne, “Ba a faɗa.” Aka ƙara wata dariyar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Madam ta tsawata musu. Da aka tashi ta tsayar da ni ta ce ba za ta tilasta mini ba, amma lokaci yana tafiya, kuma har yanzu ba ta ga rubutuna ba, na littafi take gani. Tun daga ranar na lura Turawan sun canza mini. A wurin cin abinci wata ta tambaye ni a hankali ko gaskiya ne a ƙasarmu uba ba ya son ɗiya mace. Na bar abincin na tashi.

Bello ya ce, “Kai Bahaushe, wahalar da kanka kake. Ka raɗa mata sunan ƙarya mana. Wa zai je Madarunfa ya bincika?” Na gwada. Na sa mata Mariyama, na rubuta shafi guda, da na karanta sai na ji kamar na ba da ita ga wasu mutane na karɓo ɗiyar wani. Na yaga.

Wata Lahadi kowa ya fita, ƙanƙarar da na yi shekaru ina sa yara su siffanta tana ta zuba a waje. Na shiga aji ni kaɗai cikin kwat ɗin mai burodi. Kewar gida ta taso mini irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce a raina, tsakanina da Baba akwai duwatsu, akwai teku, akwai hamada, kuma ko an kai masa takardar har gona ba ya jin Faransanci. Wa zai sani? Na ɗauki alƙalami na rubuta “ma fiy”, wato ɗiyata, na bi shi da sunanta cikakke.

Daga nan hannuna bai tsaya ba. Na rubuta shekarar da baƙon dauro ya kama ta, tana kwance ɗakin Inna, ni kuwa ba dama in shiga in tambaya. Na faɗi yadda nake zagayawa bayan darni in tsaya kamar mai gyaran zana, ina sauraren tarinta, in na ji ta yi tari in gode wa Allah don tana da rai. Na faɗi yadda take fito da harshe in tana rubutu, da yadda nake ajiye kayenta ƙarshe don in daɗe ina dubawa ba wanda ya gani. Na ce duk safiya in na ce “ta gaba”, a cikina sunan nake kira. Kowane sakin layi da “ma fiy” na buɗe shi, da sunan. A nan ba zan maimaita shi ba, sau ɗayan ma ya ishe ni.

Ranar karatu na miƙe da takarda, murya ta ƙi fita. Na miƙa wa Bello, ya janye hannu ya ce, “Ni? Allah ya kiyaye.” Madam ce ta karɓa ta karanta. Tana cikin karatu Bello ya tashi ya fita, kunya ta hana shi zama. Da ta gama ba wanda ya yi motsi, sai ga saurayin nan mai zancen mata huɗu yana share hanci. Aji gaba ɗaya ya zaɓi nawa. Na shiga ɗakin ɗab'i na jera sunan da yatsuna, harafi bayan harafi, na ga ya fito baƙi a kan farar takarda, nawa sunan kuma a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Turawa suka koma gaishe ni da hannu biyu, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa cikin rigar mamaci.

Bello ne kawai bai yaba ba. Ya daina faɗan fura da ni na kwanaki. Da ya gaji ya ce, “Ashe haka kake da zurfi. To Allah ya sa a nan ta tsaya.”

Ba ta tsaya ba. Bayan wasu makonni Madam ta shigo da fara'a ta ce tana da albishir. Al'adarsu ce kowace jarida in an buga a aika wa makarantar kowane malami, don yara su ga malaminsu ma yana rubutu. An riga an aika tuni, ta jirgin sama. Na bi ta har ofis ina roƙo a dawo da tawa. Ta dube ni da mamaki ta ce, “Ɗiyarka za ta yi alfahari da kai.” Na ce, “Madam, ubana yana da rai.” Ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba.

Wanda ya riƙe mini aji a gida Mushe Kwami ne, mutumin Togo, mai kirki, mai son aiki, amma bai daɗe a ƙasar Hausa ba. Na rubuta masa cewa in jarida ta zo ya sa ta a ƙasan akwati. Amsa ba ta zo ba. Sauran zaman nan ban san yadda na yi shi ba. Ƙanƙara ta narke, itatuwa suka yi fure, ana ta koya mana yadda ake sa yara su gyara rubutun juna da yadda ake fita da su kasuwa su dawo su rubuta abin da suka gani, ni kuwa hankalina yana kan jakar ma'aikacin gidan waya. Aka ba ni dipilom da yabo na musamman. Na mayar wa mai abinci kwat ɗin mijinta, ta rungume ni a gaban mutane, wannan ma na haɗiye.

Damina ta sauka lokacin da na iso Maraɗi. Na shiga tasha ina neman motar gida ina addu'a a zuci. Direban da na samu Bagobiri ne, abokin wasanmu Katsinawa, na san shi ya san ni. Yana hango ni ya ajiye bokitin da yake zuba wa mota ruwa, ya buɗe hannuwa ya ƙwala da ƙarfi: “Jama'a ku ba da hanya! Ga Mushe Mafiy ya komo!”

Na ce, “Mi ka ce?”

Ya ce, “Mafiy mana! Ai dud garin an hardace. Ranar da anka raba ma yara kyauta, ɗiyar taka ita ta zo ta ɗaya. Baƙon malamin nan ya tashi gaban sarki da liman da iyayen yara ya ce yana da abin mamaki. Ya karanta da Nasaranci, mu dai mafiy mafiy muka ji. Sannan ya sa tafinta ya juya muna da Hausa, tun daga bayan darni har tari. Kai Bakatsine, ashe laɓe kake ma uwarka!”

Mutanen motar suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta rufe baki da gyale tana salati. Na tambaye shi a hankali ko Baba yana wurin. Nan dariyarsa ta ragu. Ya ce, “Shina nan, sahun gaba. Da anka zo wajen sunan ya tashi ya hita. Sandarshi ma nan ya bar ta, sai wani ya bi shi da ita.” Daga Maraɗi zuwa Madarunfa ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba, har da ta jirgin sama.

Kwami ya tare ni a bakin lakwal yana murna, wasiƙata ta iske shi bayan an gama komai, kuma har lokacin bai gane abin da ya yi ba. Ya ce yarinyar ya kira ta fito ya damƙa mata jaridar a gaban kowa, ta karɓa ta ruga da gudu tana kuka, shi ya zaci kukan daɗi ne. A gida matata ta kawo mini ruwa ba ta ɗaga kai ba. Ta ce tun ranar ba ta je biki ko suna ba, don da ta shiga mata za su fara tari. Yarinyar an kai ta Safo wurin gwaggonta har yara su gaji da waƙar da suka haɗa mata. Inna ta amsa gaisuwata ta ce, “Sannu da hanya. Ashe abin da anka aike ka koyo ke nan.” Ta ce Baba ya daina zaman dakalin masallaci, daga salla sai gona.

Ban cire kayan tafiya ba na nufi gonar. Na hango shi duƙe cikin gero yana noman fari. Na cire takalma na durƙusa a gefe na gaishe shi. Ya amsa bai juyo ba, ya ci gaba da aiki har ya kai ƙarshe ya dawo. Dipilom yana cikin aljihuna, ban ko yi tunanin fito da shi ba.

Ya dogara da hauya ya ce, “Abu guda na ce ka komo da shi.”

Na ce, “Na yi kuskure, Baba.”

“Ka tuɓe mu gaban sarki. Ni, da uwarka, da matarka, da ita yarinyar da ba ta san komi ba. Ni da nike zama ana kawo mani ƙarar yaran da ba su da ta ido, yanzu wa za ni ma hwaɗa?”

Hawayena suna ta ɗiga a kan ƙasa. Can ya ce, “Wanga suna, da baki ka hwaɗe shi can, ko da hannu?”

Na ce, “Da hannu. Bakin ya ƙiya.”

Ya ce, “To shi dai ka riƙe shi.”

Na zaci an gama. Sai na ga ya sa hannu a aljihun taguwarsa ya fito da wata takarda a ninke, gumi ya jiƙa ta har ta yi laushi. Shafin jaridar ne. Ya ce ya karɓe ta daga hannun yarinyar don kada ta ƙara yawo. Ya buɗe, a juye ma ya riƙe, ya miƙo gabana ya ce in nuna masa inda abin kunyar yake. Na gyara masa takardar na nuna. Ya duba ya kaɗa kai. Sannan yatsansa ya gangara ƙasa, inda wasu baƙaƙe suke tsaye su kaɗai.

“Wanga na ƙasa hwa?”

Na ce, “Sunan wanda ya rubuta ne.”

“Naka?”

“Nawa.”

Ya matso da takardar kusa da idonsa. Ya ɗora babban yatsansa mai ƙasa a kan baƙaƙen, ya bi su a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake dawowa. Leɓensa ya motsa, ban ji komai ba. Ya ce, “Ashe haka shike.” Ya ƙara cewa, “Ni na zaɓe shi. Liman wani ya so, na ƙiya.”

Daga gonar maƙwabta wani ya ɗaga murya yana mana sannu da aiki. Baba ya yi sauri ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya amsa, ya ce ai Na-lakwal ne ya dawo. Ya tura mini hauya da ƙafa ya ce in kama daga can gefen, shi ya ɗauki ta biyu ya juya mini baya.

Har rana ta yi sanyi muna noma, ni a wannan gefe shi a wancan, ba wanda ya yarda ya ga fuskar wani. Takardar kuwa bai mayar wa yarinyar ba, ni ma bai ba ni ba.